NigComSat-1R: Dukiyarmu da ke sama tana da wa'adi

Najeriya tana da tauraron ɗan Adam na sadarwa guda ɗaya tak, sunansa NigComSat-1R. Da kuɗin jama'a aka yi shi, kuma tun watan Disambar 2011 yake can sama yana aiki ba dare ba rana. Duk da haka, shiga gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada ranar da ake babban wasa, ka tambayi samarin da ke kan benci wane tauraro ne yake kawo musu hoton. Amsar da za ka ji ita ce DStv. To, DStv kamfani ne mai sayar da tashoshi, shi ma kuɗin haya yake biya, kuma abin da yake watsowa wannan yanki namu ta kan taurarin kamfanin Eutelsat na Faransa yake biyowa. Namu na gida kuwa, da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, balle su san cewa da wa'adi aka ƙera shi, kuma wa'adin ya zo gangara.

Kafin a kai ga maganar wa'adi, ya kamata a fara sanin yadda abin yake. Duk tauraron da aka harba zagaya duniya yake yi, don da zai tsaya cak da faɗowa zai yi. Wanda yake kusa da ƙasa dole ya yi sauri. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda nisanta bai wuce kilomita 400 ba ko kusa da haka, cikin minti 90 take gama zagaye ɗaya. Gwargwadon nisan tauraro, gwargwadon daɗewarsa kafin ya kewayo. Idan aka kai shi nisan kilomita 35,786 a saman layin Ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, zagaye ɗaya zai ci masa awa 23 da minti 56, daidai da lokacin da duniya take ɗauka ta juya sau ɗaya. Gudu yake shararawa na fiye da kilomita 11,000 a awa, amma da yake tare suke juyawa da ƙasa, mu da muke nan sai mu gan shi a kafe wuri guda. Wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, shi ya yayata wannan dabara a 1945, tun kafin a taɓa harba ko da tauraro ɗaya. Shekara 20 bayan nan, a 1965, aka ɗora na kasuwanci na farko a wannan falaki, wanda ake kira Early Bird.

Wurin da aka ajiye NigComSat-1R shi ne digiri 42.5 gabas. Da za a sako igiya daga jikinsa har ƙasa, kusa da birnin Kismayo na kudancin Somaliya za ta sauka. Tauraron Najeriya ke nan, amma ba a saman Najeriya yake ba, kuma ba ya bukatar hakan, domin daga wannan nisa yana hango kusan sulusin duniya: Afirka, da wani yanki na Turai, da wani yanki na Asiya. Shi ya sa mutumin Kano da yake son kama shi gabas zai juya kwanonsa, ya ɗan karkata kudu, ya ɗaga shi sama kamar rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar kai. Mai neman Nilesat na Masar, wanda yake digiri 7 yamma, shi kuma kudu maso yamma zai duba.

Wanda ya taɓa ganin ana saita dish ya san wannan aiki ba a yin sa da gaggawa. Mai saitawa yana kan katanga ko bisa rufi, sifana a aljihu, ya sassauta noti, ya rungumi kwanon yana motsa shi kaɗan-kaɗan. Yaron gida yana ɗaki gaban talabijin yana kallon layin sigina, suna magana ta taga.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba, Kawu. Yauwa, ya fara! Arba'in... hamsin... a'a, ya ɗauke!"

Sai a dawo da shi baya da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba, a murza wannan ƙoƙon da ke gaban kwanon, wanda masu sana'ar suke kira LNB, har layin ya cika, sannan a ɗaure noti tam. Abin da ake nema a wannan lokaci wata na'ura ce da jikinta bai wuce girman ƙaramar bas ba, a nisan da ya kusa kai tsawon kewayen duniya baki ɗaya. Da ba a kafe take wuri guda ba, da sai an sa wa kowane kwano injin da zai riƙa bin ta. Kafewar nan ita ta sa talabijin ta tauraro ta yi arahar da talaka zai iya saye, ya ɗaure kwano sau ɗaya ya shekara bai taɓa shi ba.

Tarihin tauraron namu bai fara da daɗi ba. A watan Disambar 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sa hannu a kwangila da kamfanin Great Wall na ƙasar Sin, kuma bankin Exim na Sin ya ba da bashin kaso mai yawa na kuɗin. Ranar 13 ga Mayun 2007, saura mako biyu Obasanjo ya sauka daga mulki, aka harba NigComSat-1 daga sansanin Xichang da ke lardin Sichuan. Su kansu Sinawa a lokacin ne suka fara ƙera wa wata ƙasa tauraron sadarwa su harba mata shi. An ce zai yi shekara 15. Wata 18 ya yi. A watan Nuwambar 2008 na'urar da ke juya fikafikansa na sola su fuskanci rana ta sami matsala, wuta ta ƙare, tauraro ya mutu. An yi ta ba'a a lokacin, ana cewa tauraron Najeriya ya ɓace a sama, a taya mu cigiya. Ba ɓacewa ya yi ba, an san inda yake, sai dai ba shi da sauran amfani.

Abin da ya rufa asiri shi ne akwai inshora, kuma kamfanin ya amince ya ƙera wani ba tare da Najeriya ta sake biya ba. Shi ne aka harba ranar 19 ga Disambar 2011, zamanin Goodluck Jonathan, daga Xichang ɗin dai, da roka samfurin Long March 3B. Harafin R da ke ƙarshen sunansa alama ce ta cewa madadi ne. Kada a ɗauka mu kaɗai muka taɓa ganin irin wannan: Angola ta harba nata na farko a ƙarshen 2017, bai yi aiki ba, sai a 2022 ta sami madadinsa. Harkar sama haka take, wanda ya shige ta da tauraro ɗaya ya shiga da ƙafa ɗaya.

Nauyin NigComSat-1R lokacin harbawa ya ɗan haura tan 5. A cikinsa akwai na'urori 28 masu aiki iri ɗaya: su karɓi saƙo daga ƙasa, su ƙara masa ƙarfi, su sauya masa zango, su mayar da shi ƙasa ya bazu a kan yanki mai faɗi. Ba ya ƙirƙirar shiri, ba ya ajiye fim. Gidan talabijin ne yake cilla shirinsa sama ta babban kwano, tauraro ya watso, duk mai kwano da risiba a yankin ya kama. Ko gida dubu ne suke kallo ko miliyan goma, aikin da tauraron zai yi ɗaya ne, kuma a nan ne ya fi kowace hanya sauƙi wajen watsa shirye-shirye. Ana sarrafa shi daga Abuja, inda kamfanin NIGCOMSAT na gwamnatin tarayya yake da tasharsa a kan hanyar filin jirgin sama, akwai kuma tasha ta biyu a birnin Kashgar da ke yammacin Sin.

Na'urorin nan zango huɗu aka kasa su. Guda 4 suna zangon C, wanda yake bukatar babban kwano, irin wanda ake gani a harabar gidajen rediyo da bankuna da tsofaffin gidajen masu hali. Guda 14 suna zangon Ku, na ƙaramin kwanon da ke kan rufin kowa. Guda 8 na zangon Ka ne, wanda aka tanada don intanet mai sauri. Sauran 2 na zangon L ne, aikinsu gyara lissafin GPS don jiragen sama da na ruwa su san inda suke ba kuskure.

Sanin wannan rabo yana da amfani ga mai kallo, domin shi yake bayyana abin da ke faruwa da damina. Hadari ya haɗo daga gabas, tun ruwa bai sauka a unguwarku ba hoto ya fara kakkaryewa, can sai allo ya yi baƙi. Ba risiba ce ta lalace ba, ba kuma kamfani ne ya yanke ba. Ɗigon ruwan da ke cikin hadarin ne yake shanye saƙon kafin ya iso kwano, kuma da yake kwanukan da yawa gabas suke kallo, inda hadarinmu yake tasowa, sai su riga mu sanin ruwa na tafe. Zangon Ka ya fi kowanne jin jiki, Ku na biye da shi, C kuwa da wuya ruwa ya kayar da shi. A nan Arewa ta fi Kudu sa'a, don damina ba ta da tsawo, ƙurar hunturu kuma ba ta tare saƙo kamar yadda ruwa yake yi. Abin da iskar hunturu da guguwar farkon damina suke yi shi ne su ture kwanon da ba a ɗaure da kyau ba. Wanda hotonsa yake yawan ɗaukewa da ɗan yayyafi, ya sa a duba masa saiti da wayar da ta sauko daga rufi, ko ya sayi kwanon da ya fi nasa faɗi. In kuma ana tsawa, a zare wayar daga bayan risiba, kashe soket kaɗai bai wadatar ba.

Akwai wata ɗaukewar da ba ruwanta da hadari. Sau biyu a shekara, wajajen watan Maris da Satumba, rana tana ratsawa ta bayan tauraron daidai saitin kwano, ƙarfinta ya danne saƙon na 'yan mintoci, kwana kaɗan a jere. Ga kwanon da ke kallon gabas, da hantsi abin yake faruwa. Da kansa yake dawowa. Duk mai gyaran da ya karɓi kuɗinka a kan wannan, kyauta ka ba shi.

Ta fuskar intanet kuwa, nisan nan da ya zama alheri ga talabijin shi ne cikas. Saƙo yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma hawa da sauka kaɗai sun haura kilomita 70,000. In ka latsa wani abu, sai bukatarka ta hau ta sauka, amsa ma ta hau ta sauka, an ci fiye da rabin daƙiƙa ke nan. Mai karanta labarai ko tura takarda ba zai damu ba. Mai kiran bidiyo zai ji ana ɗan cin karo a magana, kai ka yi shiru shi ya yi shiru, sai ku fara tare. Wannan ba laifin kowa ba ne, kuma babu injiniyan da zai iya gyara shi.

Ta wannan kafa Starlink na Elon Musk ya shigo. Taurarinsa dubbai ne, ƙanana, a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, saboda haka jinkirin kaɗan ne. Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, kuma cikin ɗan lokaci ya shiga sahun gaba na masu sayar da intanet a ƙasar. Wasu suna ganin daga nan zance ya ƙare, tauraro irin namu ya zama tsohon yayi. Ni ban ga haka ba. Wajen saurin intanet na gida ko ofis, gaskiya ne Starlink ya yi gaba. Amma kamfani ne na wani mutum a wata ƙasa, shi yake yanka farashinsa, kuma mabuɗin kashewa da kunnawa yana hannunsa. Ƙasar da za ta ɗora sadarwar sojojinta da bankunanta da watsa labaranta kacokan a kan abin da ba ta da iko da shi, ta san da zaman ranar da za a juya mata baya. Kuma har yanzu, in ana maganar kai tashar talabijin ga miliyoyin gidaje a lokaci guda, babu abin da ya kai tauraron da ke kafe arha.

Su wa suka fi bukatarsa? Ba mutanen Legas da Abuja ba, su da wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa take bi ta ƙofar gidajensu. Manyan wayoyin da suka haɗa Najeriya da duniya ta ƙarƙashin teku suke zuwa, su fito a gaɓar Kudu, sannan a ja su zuwa Arewa, ana haƙa titi ana tsinka su. Ranar 14 ga Maris na 2024 guda huɗu daga cikinsu suka katse a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, aka wayi gari tura kuɗi ta waya ya gagara a bankuna da dama, har a manyan birane. Abin da birni ya ɗanɗana na 'yan kwanaki, shi ne zaman yau da kullum a ƙauyuka masu yawa na Borno da Yobe da Zamfara da tsaunukan Taraba, inda kamfanin waya yake ganin kafa eriya asara ce, ko an kafa 'yan ta'adda sun ƙone. A irin waɗannan wurare mutum yakan hau tudu ko bishiya yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Kwano ɗaya da faifan sola da batir sun isa su haɗa asibitin karkara da likitan da ke birni, ko makaranta da ɗakin karatu, ko su ciyar da ƙaramar eriyar waya da za ta wadaci gari guda, ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. Shirin da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar na haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, wanda NIGCOMSAT take ciki, a kan wannan tunani aka gina shi. Ko ya iso taku ƙaramar hukumar, wannan tambaya ce da ta dace a yi wa shugabanta.

Abin takaicin shi ne tauraron ya shafe mafi yawan rayuwarsa ba a ci moriyarsa yadda ya kamata ba. An daɗe ana kukan cewa gidajen talabijin da kamfanonin waya, har da wasu hukumomin gwamnati, sun gwammace su kama haya a taurarin waje su biya da dala. Yana da sauƙi a ce rashin kishin ƙasa ne, amma ba duka ba ne. Mai gidan talabijin da ya ga abin da ya faru a 2008 dole ya tambaya: in wannan ya sami matsala yau da dare, ina za a mayar da ni? Manyan kamfanoni irin su SES da Eutelsat taurari gomomi suke da su, in ɗaya ya yi tari sai a kwashe masu haya zuwa wani. Mu kuwa ɗaya ne. A farkon 2018 ministan sadarwa na lokacin, Adebayo Shittu, ya ba da sanarwar cewa Sin za ta samar da dala miliyan 550 don ƙarin taurari biyu. Ba a harba su ba.

Yanzu ga maganar wa'adi. Tauraro irin wannan, ko da komai nasa lafiya lau, mai ne yake kashe shi. Wata da rana suna jan sa, ita ma duniya ba ta gama zama dunƙulalliya sumul ba, saboda haka kullum yana ƙoƙarin zamewa daga gurbinsa. Injiniyoyin da ke ƙasa suna kunna ƙananan rokokin jikinsa lokaci-lokaci su dawo da shi. Kowace kunnawa mai take ci, kuma babu gidan mai a can. An taɓa yin dabara a 2020, kamfanin Northrop Grumman na Amurka ya aika wata na'ura ta kama wani tsohon tauraron kamfanin Intelsat ta riƙe shi a gurbinsa na ƙarin shekara biyar, amma wannan aiki ne mai tsada da ba a saba yi ba. Abin da aka saba shi ne, in mai ya kusa ƙarewa, a yi amfani da ragowar a tura tauraron sama da kamar kilomita 300, inda ake jibge matattu, a kashe shi. NigComSat-1R shekara 15 aka ƙera shi ya yi, lissafi ya faɗa ƙarshen 2026. In an yi tattalin mai yana iya ɗan zarce haka, taurari da yawa sun yi, amma ƙarin kwana ne, ba sabuwar rayuwa ba.

Gurbin kansa ma dukiya ne. Falakin nan zobe ɗaya ne tak, kuma ƙasashen duniya duka a kansa suke rububi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Geneva ita take rajistar wanda yake amfani da kowane gurbi da kowane zango. Kamar rumfa ce a kasuwar Kantin Kwari: muddin kana buɗewa kana kasa kaya taka ce, in ka rufe ta ka yi tafiyarka, akwai masu jira. A ƙa'idar hukumar, ƙasa tana iya dakatar da amfani da zangonta har shekara uku, in ta wuce haka ba ta dawo ba ana iya soke rajistar.

Tauraro kuma ba a sayen sa a kanti. Na farko, daga sa hannu zuwa harbawa shekara biyu da rabi ya ɗauka. Na biyu, daga mutuwar na farko zuwa tashinsa shekara uku aka yi, kuma a tsawon wannan lokaci Najeriya ba ta da komai a sama na sadarwa, masu hayar da aka fara samu duk suka watse. Kamfanin NIGCOMSAT ya sha faɗin cewa yana shirin samar da sababbin taurari biyu da za su gaje shi. Mun ji irin wannan a baya, saboda haka abin da za a kama shi ne kwangilar da aka sa wa hannu, da kuɗin da aka ware, da ranar harbawa.

'Yan majalisar da muka tura Abuja, musamman masu wakiltar yankunan da har yau ake hawa bishiya neman sabis, su ne suke zama a kan kasafin kuɗin ma'aikatar sadarwa. Idan naku ya zo gida, ko ya shiga rediyo ana buga waya, a tambaye shi inda aka kwana a kan magajin NigComSat-1R, da kuma asibiti ko makaranta nawa a mazaɓarsa aka haɗa da wanda yake sama yanzu. 'Yan jarida su ma su riƙa bibiya, kada a jira sai ranar da aka ce ya mutu sannan a fara neman wanda za a ɗora wa laifi.